Makon da Na Ci Kofi

Alheri da Dauda, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na san Hausarku ba ta da ƙarfi, tun da kun tashi ina yi muku magana da ita kuna amsa mini da Turanci ko yaren Malay, amma ba ni da wani harshen da zan faɗi wannan magana da shi ban yi kuskure ba. Ku karanta a hankali. Inda ya gagare ku, ku kira ni.

Tun ranar da muka je Kaduna bayan rasuwar babanku, kawunku Ayuba ya zaunar da ku ya faɗa muku abin da ya faɗa, hankalina bai kwanta ba. Ya ce muku babanku Bulus ne ya ɓoye mini mutuwar mahaifina don in gama gasa, har aka binne Baba ba na nan. Ke Alheri kin ce mini ba za ki tashi ki yi magana a addu'ar cika shekarar babanku ba, wai ba ki san me za ki ce a kan mutumin da ya yi wa uwarki haka ba. Addu'ar ta matso. Shi ya sa zan faɗa muku yadda abin ya faru. Inda ban gani da idona ba, zan gaya muku wanda ya gani.

Kakanku shi ne mai kula da filin tanis a wani kulob a Kaduna. Filin jar ƙasa ne. Kullum da safe zai yayyafa ruwa, ya ja rola mai nauyi daga wannan kai zuwa wancan, sannan ya zana layuka da farar ƙasa. A bayan kulob ɗin muke zaune. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Saraya, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da na gama firamare ban ci gaba ba, sai na koma tsintar ƙwallo ga masu wasa. Idan sun tashi, Baba ya ɗauko wani tsohon raket na katako da wani Ba'indiye ya bari, ya tsaya a ɗaya gefen ragar yana jefo mini ƙwallo da hannu. Shi bai iya wasan ba. Ya dai kalle shi tsawon rayuwarsa. Abu ɗaya yake maimaita mini:

"Uwata, mayar mata ɗaya kawai. Ki ƙara ɗaya. Ita za ta gaji."

Wannan ya dace da halina. Kun san ni, sai in kulle ƙofa in kai bakin titi in dawo in taɓa ta. Haka nake wasa. Ba na neman layi, ba na bugun burgewa, ina tsoron kuskure ƙwarai, sai dai in yi ta mayar da ƙwallo har wadda ke gabana ta fusata ta buga waje. Da wannan wasan na ci 'yan Kaduna, na ci na Legas, na shiga motar haya zuwa Kwatano da Lome da Akra da jakar raket a kan cinyata. Daga baya na fara hawa jirgi zuwa ƙananan gasanni na ƙwararru a Masar da Indiya. Sunana ya shiga jerin 'yan wasan duniya, can ƙasa inda sai an yi haƙuri kafin a gan shi, amma ya shiga. Duk inda na yi wasa, ko na ci ko an ci ni, sai na nemi waya na kira ofishin kulob a kira mini Baba. Ba ya tambaya ko na ci. Cewa yake in ba shi wasan daga farko, ni kuma in yi ta faɗa yana cewa "To, to, sai kuma me?"

Babanku na san shi a majami'armu. Da ya samu gurbin karatun injiniya a nan Kuala Lumpur aka yi aurenmu na biyo shi, muka zauna a wani ɗan gida a bene na uku a Taman Melati. Mutane sun ɗauka wasa ya ƙare ke nan. Bulus ne ya ce bai ƙare ba. Ya samo mini inda zan riƙa atisaye a filayen da ke kusa da tafkin Titiwangsa, ya koyi ɗaure zaren raket da kansa, ya riƙa zama a gefen fili da littattafansa. Injiniya nake kiransa tun bai zama ba. Ba mu da waya a gida lokacin. Ta maƙwabciyarmu muke amfani da ita, Maman Sadiq, matar wani malamin jami'a daga Zariya, wadda har yau kuke zuwa gidanta cin tuwon sallah.

A shekarar da nake ba ku labari Baba ya fara ciwon ƙirji. Ya daina jan rola, sai dai ya zauna a kujera yana nuna wa wani. Na ce zan taho gida. Ya ce in na taho zai yi fushi da ni, tun da ga gasa an kawo har garin da nake zaune, ba jirgi ba masauki, kuma wadda ta yi nisa a cikinta za ta samu shiga manyan gasanni. Ranar da na ci wasana na farko na kira wayar maƙwabcinmu a Kaduna aka kai masa. Muryarsa ta yi ƙasa, amma sai da ya sa na ba shi wasan duka. Da zan ajiye ya ce:

"Gobe ma ki kira ni, Uwata. Kada ki rage komai."

Washegari na ci wata 'yar Thailand. Na dawo da gudu zan shiga gidan Maman Sadiq, sai Bulus ya tare ni a matakala ya ce ya gwada, layin Najeriya ba ya shiga. Wannan ba sabon abu ba ne a lokacin. Kashegari ma haka ya ce. Sai na fara abin da na saba. Na ce ko maƙwabcin ya yi tafiya da wayar, ko an kai Baba asibiti, ko gobara aka yi a unguwar. Na hana Bulus sakat. A rana ta uku ya shiga gidan Maman Sadiq ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce in zo ga Mama, wato kakarku. Na karɓi wayar.

"Mama, ina Baba?"

"Yanzun nan suka fita karɓo magani. Da sauƙi."

"Muryoyin wa nake ji haka?"

"Matan zumunta ne suka zo koyon waƙa. Ke dai ki yi abin da ya kai ki. Ya ce in gaya miki ki riƙe raket da kyau."

Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Na yarda. Uwata ce ta faɗa.

Abin da ya dame ni a makon nan shi ne Bulus. Ya daina cin abinci. Zai yi mana tapau, wato ƙunshin shinkafa da kaza, daga shagon abincin mamak, Indiyawan nan Musulmi da ke ƙasan gidanmu, ya buɗe, ya tura mini nasa. Idonsa ya yi ja. Ya ɗaure mini raket ya yi tauri fiye da yadda nake so, abin da bai taɓa yi ba, ya kwance ya sake. Na taɓa goshinsa na ce zazzaɓin sauro ne, mu je asibiti. Ya ce jarrabawa ce ta matso. Ni da nake ganin ƙaramin tabo a bango in kwana ina tunaninsa, na ga duk wannan, na yi ta juya shi, amma ban kai ga gaskiya ba.

Ranar Juma'a aka yi wasan kusa da na ƙarshe, ni da wata 'yar Japan, ƙarama, mai saurin tsiya. Mun raba zagaye biyu na farko, muna cikin na uku sai hadari ya haɗu kamar yadda yake yi a garin nan da la'asar. Ruwa ya sauko, alƙalin wasa ya tsayar da mu, kowa ya gudu ƙarƙashin rumfa. Ina zaune na lulluɓe kafaɗa da tawul ina lissafin yadda zan yi da sabis ɗinta, wato bugunta na farawa, sai na ga Bulus ya duba agogonsa, ya miƙe, ya cire hula, ya tsaya yana kallon ruwan. Na ce masa:

"Injiniya, addu'ar ruwa kake yi, ko ta 'yar Japan?"

Bai yi dariya ba. Ya ce:

"Taso ki tsaya kusa da ni. Mu yi wa Baba addu'a."

"Me ya same shi?"

"Ba komai. Taso dai."

"Bulus, ka ji wani abu ne?"

"Saraya, don Allah ki miƙe tsaye."

Na miƙe. Ya riƙe hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi. Ya gode wa Ubangiji saboda Baba, saboda hannuwansa, saboda filin da ya gyara tsawon rayuwarsa, saboda 'ya'yan da ya rena. Ya yi tsawo. Ni kuwa ƙafafuna sun fara sanyi, ina tsoron tsokata ta ɗaure, ina satar kallon ma'aikatan da suka fara ture ruwa daga fili. Da ya ce amin na ce amin da sauri, na zare hannuna na fara miƙa ƙafa. Aka koma fili na ci wasan.

Wasan ƙarshe ba zan ba ku shi daki-daki ba, ko da yake ina tuna kowane ƙwallo, saboda tun ina cikin fili nake tara wa Baba su. Da wata doguwar 'yar Indiya muka yi, mai bugu kamar za ta fasa ƙwallon. Na mayar mata, na ƙara mayarwa. Ƙwallon ƙarshe ta buga shi a raga. Aka ba ni kofi, ba babba ba ne, amma shi ne na farko kuma na ƙarshe da na ci a gasar ƙwararru. Wani dattijo ɗan Malay da ke share fili ya ɗaga mini babban yatsa yana cewa "Boleh, boleh!", wato kin iya. A cikin jirgin ƙasa zuwa Taman Melati na rungume kofin ina ta zuba, ina cewa yau ko layi ya ƙi sai na yi ta gwadawa har ya shiga. Bulus yana tsaye ya riƙe ƙarfe, ya juya fuskarsa wajen taga.

Da muka hau bene na ga takalma a bakin ƙofarmu. Da yawa, an jera su a gefen bango. Na gane sandal ɗin Baba Ishaya, dattijon da ke jagorantar zumuntarmu ta 'yan Arewa a nan, na gane silifas ɗin Maman Sadiq. Na ce wa Bulus ashe walima ya shirya mini bai faɗa ba. Na tura ƙofa ina ɗaga kofin sama. Ba wanda ya yi guɗa. Ba abinci, ba lemo. Maza suna kan kujeru, mata suna ƙasa a kan tabarma, an bar wuri ɗaya a tsakiyarsu. Matar Baba Ishaya ta taso ta karɓi kofin daga hannuna ta ajiye a bayan ƙofa. Aka zaunar da ni, aka ba ni ruwa, wata ta riƙe kafaɗata ta dama, Maman Sadiq ta riƙe ta hagu. Ku da kuka tashi a nan ba ku san wannan zama ba. A wurinmu ba a faɗa wa mutum mutuwar iyayensa a waya, kuma ba yaro ke faɗa ba. Manya ke zuwa, su zaunar da kai, su riƙe ka. Na sha zama a cikin masu riƙewa. Tun kafin Baba Ishaya ya buɗe baki na sani. Abin da kawai na tambaya shi ne yaushe za a yi jana'iza, in nemi jirgi. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"'Yata, an yi. Ranar Juma'a."

Baba ya rasu ne washegarin ranar da muka yi magana ta ƙarshe.

Yanzu ga abin da ban gani da idona ba. Maman Sadiq ce ta gani, tana nan da ranta, ku je ku tambaye ta. Ta ce ranar da aka kira daga Kaduna ita ta ɗauka, ta aika aka kira Bulus. Ta ce da ya ji, sai ya zame ya durƙusa a ƙasa da kan wayar a kunnensa, kamar yadda yake durƙusa wa Mama in ya je gaishe ta. Ta ji yana cewa:

"Mama, ku yi haƙuri, ku bar ni in kira Baba Ishaya yau ɗin nan a gaya mata. Akwai jirgi. Za ta iske jana'iza."

Ya saurari amsarta, sannan ya ce:

"Mama, na roƙe ku. Ba za ta yafe mana ba."

Ta ce kullum a makon nan sai ya kira ya sake roƙo, kullum a durƙushe. Ya je wurin Baba Ishaya, shi kuma ya ce uwa ta yi magana, ba mai tsallake ta. Kun san babanku da kunyar surukai. Ko sunan Mama bai taɓa furtawa ba, ko abinci bai taɓa ci a gabanta ba. A yadda aka rene mu, surukin da bai daɗe da shiga gida ba ba shi da bakin da zai karya maganar uwar matarsa a ranar da ta rasa miji. Ko daidai ya yi ko ba daidai ba, na yi shekaru ina juyawa ban gama ba. Amma ba shi ya yanke ba.

Da na je gida daga baya aka kai ni kabari, na tambayi Mama me ya sa. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce:

"Shi ya aike ki. Tun kina ƙarama yake shirya wannan aiken. Ni ba zan kira ki daga aikensa ba."

Kada ku kwashe fushinku daga kan babanku ku ɗora wa kakarku. Mace ce da ta ga mijinta yana jan rola har ƙirjinsa ya lalace, ta yi abin da take ganin shi zai so. Wataƙila ma haka zai so. Ban sani ba. Shi kuwa Ayuba yana aiki a Fatakwal lokacin, ya iso ana gab da fita da gawa, ya tambaya ina Saraya. Wata gwaggonmu, don ta rufa wa Mama asiri a gaban mutane, ta ce mijinta ne ya ce a bari ta gama wasa. Maganar ta zauna. Na so in gyara ta, Bulus ya hana ni. Ya ce gara Ayuba ya ƙi shi da ya ƙi uwarsa. Bayan Mama ta rasu na sake tayar da zancen, ya ce ba zai kai ƙarar wadda ba ta nan ba. Na bi maganarsa yana raye. Ban san za ta iso kanku ba.

Wasa kuwa, na koma. Kofin nan ya buɗe mini ƙofar gasannin da na daɗe ina nema, na je Bangkok, na je Jakarta. Amma tanis wasa ne da sai ka yarda cewa duk abin da ke bayan shingen fili yana nan yadda ka bar shi. Ni wannan ya fita daga raina. Zan jefa ƙwallo sama in yi sabis, sai idona ya tafi bakin ƙofar fili in ga ko wani ya shigo. In wani ya yi mini murmushi sai in ce me ya sani. In Bulus yana gefen fili, fuskarsa nake karantawa maimakon ƙwallo. Na ce ya daina zuwa, ya daina. Da ba ya nan kuma sai in yi ta tunanin inda yake da abin da ake gaya masa. In na ci wasa ba wanda zan kira in ba shi daga farko. Na fara buga waje, ni da ba na buga waje. Sunana ya yi ta sauka a jerin har ya ɓace. Ba gwiwa ba ce ta fitar da ni kamar yadda na saba gaya muku in kun tambaya, ko da yake gwiwar ma ta yi ciwo. Daga nan na koma koya wa yara a Titiwangsa, aikin da kuka san ni da shi.

Babanku ya biya nasa. Shekaru da yawa in ya ce mini lafiya lau, sai na sake tambayar wani. Ya sani, bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Ranar da Mama ta rasu, ina tsaye a kicin ina yanka albasa, ya shigo ko takalmi bai cire ba, ya ce:

"Saraya, Mama ta rasu yanzun nan. Na kira masu jirgi."

Haka, a tsaye, ba ruwa ba tabarma. Dattawa sun yi masa faɗa sosai, suka ce ya yi abin yara, da na faɗi a kan wuƙa fa? Ya durƙusa ya ba su haƙuri. Ni kuwa na iske jana'izar uwata, na zuba ƙasa da hannuna. Shi ya sa ranar da babanku ya cika a asibiti ban jira kowa ba, na kira ku da kaina, ke kina wurin aiki, Dauda yana aji.

Akwai abu ɗaya da ban gane ba sai da na je gida a karon farko. Na tambayi fastonmu da wane lokaci aka sa Baba a kabari, ya ce da hantsi, bayan sujada. Na tsaya na lissafa bambancin lokacinmu da na Kaduna. La'asar ce a nan. Lokacin da ruwa ya tsayar da wasa ne. Bulus ya san sa'ar, shi ya sa yake duba agogo. Da ruwan bai sauko ba ban san yadda zai yi ba, na tambaye shi ya ce shi ma bai sani ba, tun safe yake roƙon hadari.

Alheri, kin ce ba ki san me za ki ce ba. Ki tashi ranar nan. In Hausar ta ƙi, ki yi da Turanci, ba wanda zai yi miki dariya. Ki ce an hana shi kai ni jana'izar mahaifina, ya roƙa a durƙushe aka ƙi. Ki ce duk da haka, a sa'ar da ake sa Baba a ƙasa, ina tsaye a kan ƙafafuna, kaina a sunkuye, na ce amin. Babanki ne ya tsayar da ni.